Laraba ta Huɗu

A gidan kafinta kowa Likita yake ce mata, tun ranar da sunanta ya fito a jami'a. Ba karatun likita take yi ba, gwajin jini take koyo, shekararta ta biyu ke nan, kuma ta yi bayanin haka har bakinta ya gaji. Amma wa zai tsaya rarrabewa? A wurinsu duk mai farar riga likita ne, ga shi kuma a dangin nan kaf, na uwa da na uba, ita ce ta fara taka ƙofar jami'a. Da can sunan na wasa ne da alfahari. Da Kaka ta faɗi, rabin jikinta ya shanye, aka kwantar da ita a ƙaramin ɗakin gidan, sai sunan ya zama aiki.

Safiyar Laraba ce, takwas saura. Ta juya Kaka, ta canza mata shimfiɗa, ta ba ta magani. Ta cusa farar rigarta a ƙasan jaka, ta riƙe takalma a hannu, tana sanɗa kamar wadda ta ɗauki abin wani. Saura taku uku ta kai ƙofa ta ji gyaran muryar Baba. Ta tsaya cak.

"Sai ina?"

"Makaranta, Baba. Yau ranar ɗakin gwajinmu ce."

"Zo ki nuna min."

Jadawalin darussanta yana rataye a falo, cikin firam ɗin da Baba ya ƙera masa da hannunsa. Baba bai iya karatu ba sai lambobin awo, amma ya iya karanta akwatunan jadawalin. Akwatin da ke da rubutu na makaranta ne, wanda babu rubutu na gida ne, shi ke nan an gama. Ya ɗora yatsa a layi na uku, ya ja shi har ƙarshe. Fari fat.

"Ba a sa shi a nan, Baba," ta ce. "Rukuni-rukuni ake raba mu, kowa da ranarsa. A waya ake turo mana. Ka gani."

Ko kallon wayar bai yi ba. "Waya? Ni ma ai sai in sa a rubuta min a waya cewa ni ne na ƙera jirgin sama. Wannan takardar ita ke da hatimi."

"Na riga na rasa ɗaya, Baba. Wanda ya rasa huɗu ba zai zauna jarrabawa ba."

"To ai da saura. Kuma me za su koya miki a can da ba za ki koya a jikin uwata ba? Wasu neman majinyacin da za su yi koyo a kansa suke yi, ke ga naki har gida. Ajiye jakar nan."

Ta ajiye. Laraba ta biyu ke nan.

Kada wani ya ɗauka Baba mugu ne, da sai a ce labarin ya zo da sauƙi. Duk wanda ya shiga shagonsa sayen kujera sai ya fita da labarin 'yarsa da ke jami'a. Sai dai tsoro yake ji, tsoron wurin da bai taɓa gani ba, ga ƙanwarsa Gwaggo kullum tana hura masa wuta cewa 'yan jami'a da safe suke fita da littafi, Allah kaɗai ya san inda suke yini. Shi ya sa ya yi rantsuwa a gaban kowa: ranar da ya ji an ga Likita a waje a lokacin da takarda ta ce tana gida, ranar karatu ya ƙare. Baba kuwa ba ya tauna magana biyu.

A can makaranta ma wata wuƙar ce ke jiranta. Ba da ƙarfin gidansu take karatu ba. Wani gurbi ne jami'a ke ba 'ya'yan da iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, da sharaɗin kada ɗalibi ya faɗi ko darasi ɗaya. In ta rasa jarrabawar nan, gurbin ya tafi, kuma babu mai iya mayar da ita. Gaba kura, baya sayaki.

Duk makon nan ta bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya tana roƙon awa huɗu. Awa huɗu kacal, ranar Laraba. Umma tana aiki a wurin wankin kaya na wani otal, tun bakwai take fita. Ta saurare ta tana shafa wa ƙafafunta man zafi, ta ce, "Ke ma kin san halin mai duba mu. In na yi fashi sau ɗaya, gobe wata zan tarar a kan injina. Ki yi haƙuri, 'yar nan, ladan tsohuwa ba ya faɗuwa ƙasa." Yaya, wanda ke kai wa mutane saƙo a babur in ya ga dama, dariya ya yi. "Ni? In wanke tsohuwa? Ke ba ki da kunya ne? Aikin mata ne wannan, balle ga ƙwararriya a gida." Gwaggo kuwa, wadda Kaka ta haifa ta goya, ta waya ta ba da tata amsar: "Ni da ganin jini ke sa ni jiri? In na ba ta magani ba daidai ba fa? Mu da ba mu yi boko ba, ina mu ina wannan? Allah ya ba mu ke, sai mu gode masa."

Kowa da hujjarsa mai kyau, a goge tas. Ita kaɗai ce ba ta da hujja, domin akwatinta babu rubutu.

Aikin kuma ba na wasa ba ne. Kaka ba ta iya juyawa da kanta, duk bayan awa biyu sai an juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ba ta iya haɗiya sosai, ko yawunta kan sarƙe ta in kanta ya zame daga matashi. Likita ta koma cin abinci a tsaye, karatu a bakin gado, kunne ɗaya a littafi ɗaya a numfashin tsohuwa. Ta rame, idanunta suka faɗa. Da wayarta ta yi ƙara sai ta ɗauka daga makaranta ne. Da ta ji takun Baba sai ta ɓoye wayar. Laraba ta uku ta zo ta same ta tana wanke zanen gado, tana kallon agogo yana cin ƙarfe goma, lokacin da ake rufe ƙofar ɗakin gwaji a ɗauke rajistar sa hannu.

Washegari Malama ta aika a kira ta. Ita ce mai kula da ɗaliban gurbin nan, mace mai tabarau da ƙaramin ofis cike da fayil. Likita ta shiga, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Zauna. Ba kama ki na yi ba," in ji Malama. "Makinki yana cikin na sama a ajin nan, amma kin ɓace min Laraba uku. Me ke faruwa?"

Ta so ta ce ba komai. Bakinta ya buɗe, sai kuka ya riga magana fitowa. Malama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ji labarin tun daga firam har zanen gado.

"Ni ma ubana bai taɓa zama a aji ba," ta ce a hankali. "Na san wannan jadawalin. Ki saurare ni da kyau. Dokar sa hannu ba tawa ba ce, ba ni da ikon ɗage ta, sauran rukunan kuma sun cika maƙil. Laraba mai zuwa ko da rarrafe ne ki zo. Ga wasiƙa da hatimi ki kai wa babanki, ki ce ina roƙonsa ya zo mu gaisa. In ya ga wurin da idonsa, hankalinsa zai kwanta."

Kwana uku wasiƙar tana aljihun Baba. Yau ya ce yana da aikin gaggawa, gobe ya ce mai katako zai zo. Ranar Litinin dai ya sa rigarsa mafi kyau, ya shafa turare, suka shiga mota tare. Tun a hanya ta lura yana ta goge tafin hannu a gwiwa.

A ƙofar jami'a mai gadi ya turo masa wani babban littafi da biro. "Baƙo ne? Suna, adireshi, wurin wanda za ka, da dalilin zuwa."

Baba ya kalli littafin. Ya laluba aljihun ƙirji, ya laluba na gefe. "Na manta tabarau," ya ce, shi da bai taɓa mallakar tabarau ba.

"Kawo in rubuta maka, Baba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"A'a, mai shiga shi ke rubutawa," in ji mai gadi, ba da wata mugunta ba, hankalinsa ma yana kan wata mota. A bayansu ɗalibai sun yi layi, wasu biyu suka ƙyalƙyale da dariya kan wani abu a wayarsu. Likita ta ga ubanta ya ɗauki biron ya kasa sauke shi a takarda, da hannun da ke yanka katako bai kauce ko da ƙwayar gashi ba. Ya ajiye biron, ya juya, ya kama hanya. Ta bi shi da gudu-gudu, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai da suka yi nisa ya tsaya, idanunsa jajir. "Abin da kika kawo ni ki yi min ke nan? Ki tsayar da ni a gaban yara suna min dariya?"

"Wallahi, Baba, ba da kai suke ba."

"Rufe min baki!"

Da rana Malama ta kira shi a waya. Likita tana jin sa daga ɗakin Kaka, ya miƙe tsaye kamar matar tana gabansa. "To, ranki ya daɗe. Haka ne, ranki ya daɗe. In Allah ya yarda za ta zo." Da ya kashe, ya leƙo bai kalle ta ba, ya ce ya yi magana da Gwaggo, za ta zo ranar Laraba ƙarfe takwas ta zauna da tsohuwa. Abin da bai faɗa wa Gwaggo ba shi ne abin da zai faru in ba ta zo ba. Faɗin hakan yana nufin ya yarda ya yi kuskure mako uku, shi kuwa girma ba zai bar shi ba.

Laraba ta huɗu, tun bakwai da rabi Likita ta shirya. Daga gidansu zuwa makaranta tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau. Umma ta fita, Baba ya fita. Takwas ta yi, babu Gwaggo. Takwas da kwata ta kira, wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Ta sake kira, ta sake. Ta leƙa ƙofar gida sau biyu.

Takwas da rabi Yaya ya fito yana miƙa, makullin babur a yatsa. Ta sha gabansa, ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, don girman Allah. Ba sai ka taɓa ta ba. Ka zauna kawai ka sa mata ido har Gwaggo ta iso."

"Ina da saƙo, mutane na jira na. Ke dai kin cika ɗaga hankali. Ai ta ce za ta zo." Ya ratsa ta gefenta ya fice.

Ta kira Baba. Ƙarar injin yankan katako ta cika wayar. "Tana hanya!" ya ɗaga murya. "Ki jira ta. Kada ki kuskura ki bar min uwa ita kaɗai!"

Tara ta yi. Tara da minti biyar. Tana tsaye a tsakar ɗakin da jaka a kafaɗa, hawaye na zuba, ba ta ma san suna zuba ba. Sai ta ji Kaka tana ƙoƙarin magana da rabin bakin da ya rage mata.

"Je... ki."

"Kaka, ba kowa a gidan."

"Je... ki," tsohuwar ta sake cewa, tana tura ta da hannunta mai lafiya.

Ta tayar da kan Kaka da matashi uku, ta tokare gefen gadon da kujera, ta ja ƙofa ta fita a guje. A tasha ta tsaya tana waige-waige, duk wanda ya dube ta sai ta ga kamar abokin Baba ne. Mota ta zo. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta tuna matashin sama sabo ne, santsi gare shi, jiya ma sau biyu yana zamewa. Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa.

"Baiwar Allah, shiga za ki yi ko fita?" in ji direba.

Ta sauke ƙafar. Ta ce a ranta leƙawa kawai za ta yi, ta cire matashin, ta kama mota ta gaba. Tun daga ƙofar gida ta ji wani irin gurnani. Kaka ta zame, fuskarta ta kife a matashi, hannunta mai lafiya yana dukan katifa a hankali, a hankali. Likita ta yi jifa da jaka, ta birkito ta, ta ga leɓunanta sun yi baƙi. Ta karkata ta gefe, ta sa yatsa ta share mata baki, tana bubbuga bayanta tana kiran sunan Allah, tana cewa, "Kaka, kada ki yi min haka, Kaka!" Tsohuwar ta yi tari, ta sake yi, sannan ta ja wani dogon numfashi mai ƙara. Likita ta zube a ƙasa, ta riƙe hannun Kaka ta kasa saki. Lokacin da ta iya ɗaga kai ta dubi agogo, goma ta wuce da minti bakwai.

Sha ɗaya da rabi Gwaggo ta yi sallama, tana fifita da gefen mayafi. "Wai kin ga kiran nan naki kamar gobara ta tashi? Baƙi na yi, in kore su? To ga ni, tashi ki tafi. Makaranta ai ba guduwa za ta yi ba."

Da ta ga halin da uwarta ke ciki, ta ji cewa sarƙewa ta yi, sai ta ɗora hannu a ka, ta shiga kiran dangi. Kafin la'asar gida ya cika. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kai, Allah ya sa Likita tana gida!" Baba har da dafa mata kai, ya ce, "Kin gani ko? Da kin tafi fa?" Ita dai ta yi tsuru-tsuru, tana satar kallon bakin Kaka, tana tsoron kada ya buɗe ya ce ta fita. Kaka ta rufe ido, ba ta tona ta ba, ranar ko bayanta.

Malama ta yi iya yinta. Ta rubuta, ta shiga gaban kwamiti, ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Suka ce suna tausayawa, amma in aka buɗe wa ɗaya sai an buɗe wa ɗari. Bayan mako uku wasiƙa ta fito.

Ranar Lahadi da rana, kowa yana falo, har Gwaggo da ta zo duba jiki. Likita ta miƙa wa Baba ambulan da hannu biyu, tana jiran ya fashe da faɗa. Ya jujjuya takardar, ya duba hatimin, ya mayar mata.

"Karanta mana."

Ta karanta, tana fassara musu layi-layi. An hana ta zama jarrabawa. An janye gurbinta. Ta mayar da katin ɗakin karatu kafin ƙarshen wata. Umma ta sa gefen zane ta rufe baki. Baba ya ɗago, sai Likita ta ga ashe shi ma a tsorace yake.

"Laifin wa suka ce?"

Ta sake duba takardar. "Sun ce, saboda ɗalibar ta kasa halartar ɗakin gwaji sau huɗu."

"Ɗalibar. Ba su ambaci kowa ba?"

"Ba su ambata ba, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera. "To kun dai ji da kunnenku."

"Dama karatun nan sai mai ƙarfin kai," in ji Gwaggo. "Ba a dole. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Amin," in ji Yaya, idonsa a waya.

Gaskiyar Baba ce, takarda ba ta ambaci kowa ba. Babu layin da aka tanada a cikinta don baƙin Gwaggo, ko saƙon Yaya, ko girman da ya hana uba ya ce ya yi kuskure. Mutum huɗu masu lafiya suka rasa awa huɗu a tsakaninsu, suka ɗauki shekara biyu na wahalar yarinya suka toshe ramin da shi, kuma babu ɗayansu da ya rasa barci. Irin wannan zalunci ba a jin ƙararsa a maƙwabta, domin babu duka babu zagi, da sa albarka ake yin sa.

Washegari wani ya zo shago karɓar teburinsa, ya tambayi Baba ya mai karatu. Baba ya girgiza kai, ya ci gaba da goge katako.

"Mun ba ta dama," ya ce. "Wallahi babu abin da ba mu yi mata ba. Ita ce ta kasa."